Ranar da Kulu Ta Yi wa Awakin Unguwa Kwalliya

A unguwarmu ta bayan firamare a Dutsin-Ma, in ka ce Kulu za a tambaye ka wace, don Kulu sun yi mana yawa. Amma in ka ce Kulu Kar-a-yar, ko mai tallan kuka zai nuna maka gidan da baki. Tun daga zaure ake gane shi. Labulen ƙofa buhunan taki ne aka farke aka ɗinke, abin tokare ƙyaure kuma mataccen dutsen guga ne.

Haifaffiyar ƙauyen Kuki ce. Da ta auri Malam Sa'idu mai wankin hula, cikin kayanta har da 'yar akuya da uwarta ta ba ta. Duk akuyar da Kulu ta taɓa kiwo tun daga ranar, jinin waccan ce. Wata shekara ciwo ya shigo ya kwashe su, ya bar mata guda ɗaya tak, ja mai farin goshi, marar kunya. Kulu takan ce in ta dube ta kamar tsohuwarta take gani. Da gani dai tsohuwar ta sha cin gonar mutane.

Hannun Kulu bai san hanyar bola ba. Ledar fiya wata, a ciki take renon zogale. Yagaggen gidan sauro, da shi take rufe 'yan tsaki saboda shirwa. Sai ga jami'a ta zo gari, 'yan mata suka cika ɗakunan haya na bayanmu, arzikin Kulu ya buɗe. Da an ce hutu ya zo, za ka gan ta da ƙaton baho tana bin ƙofofi.

"Ɗiyata, mi za ki yi da wannan? Kawo nan. In ya taɓa bola ya zama shara, in kin miƙo mani kyauta ce, har lada kina da shi."

Guntayen janbaki takan narka su da man kaɗanya ta shafa wa faso, shi ya sa dugaduganta suka fi leɓen amarya ja. Ɗan burushin gashin ido, da shi take wanke bakin butar shayi. Tsohuwar hoda kuwa takalman Malam take barbaɗa wa saboda wari. Bawan Allah, mutum ne mai kunya wanda ko ƙaryar wasa ba ya iyawa, ya shekara yana shiga sahu ƙafarsa na ƙamshin ɗakin amarya, har wani dattijo ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ƙari ya yi bai gayyaci kowa ba.

Amma sarkin kayanta jan farce ne. 'Yan makarantar ba sa shafa shi sai kwanakin da ba su salla, saboda haka kwalba kan daskare da sauran rabi a ciki. Kulu ta ɗiga masa kalanzir ya farfaɗo. Da shi take toshe hujin buta, da shi take ƙarfafa zaren maɓalli. Da shi kuma ta kashe rigimar da ta fi kowace daɗewa a unguwa, wato rigimar kwano. Da can duk bikin da aka yi sai an yi wata guda ana gaba a kan murfin samira. Kulu ta zauna ta raba wa kowane gida launinsa, ta bi gindin kwanukan da ɗigo. Kore na gidan mai unguwa, shuɗi na Hajiya Rabi'atu matar Alhaji Zubair, haka dai har ƙarshen layi. Tun daga nan mata suka daina yi mata dariya, sai in ta ba da baya.

Akuyar ma ba ta tsira ba. Wasu kan tsaga kunnen dabbarsu, wasu su ɗaura mata tsumma a wuya. Kulu ta ce ba mai taɓa kunnen jinin Kuki da wuƙa. Ta zaɓi ruwan hoda mai ƙyalli ta shafe ƙahonnin tas. In akuyar ta fito da hantsi tana taunar leda, kai na walƙiya, sai ka rantse laccar safe za ta. Shi ya sa aka sa mata 'Yar Jami'a.

To, damina ta sauka. Mai Unguwa Audi ya sa aka yi shela kamar kowace shekara: kowa ya ɗaure dabbarsa. Wadda ta shiga gona sau ɗaya, gargaɗi. In ta maimaita, ranar Laraba sai kasuwa, mai ita ya sayar ko yana so ko ba ya so. 'Yar Jami'a kuwa ta riga ta cinye gargaɗinta tun shuka na jariri, a gyaɗar liman.

Malam Sa'idu ya ce a sayi igiya. Kulu ta dube shi kamar ya ce a sayi iska. Ta kwaso tsohon gashin doki da 'yan makaranta suka tsefe daga kansu, ta tufka igiya mai sheƙi, baƙa da ratsin ja. Igiyar ta yi kyau, ba ƙarya. Akuyar ma ta yaba, don ranar wata Juma'a ta cinye rabinta ta fice.

Gonar waken Alhaji Zubair tana bayan gidansa, shingen duk ya zube. Alhaji tsohon ma'aikaci ne, tun da ya yi ritaya ba shi da abin so kamar waken nan, kullum sai ya zaga ya gaishe shi. Ya fito cikin farar babbar riga zai tafi masallaci, ya leƙa, sai ya hango abu na ƙyalli a tsakiyar kunya yana sama yana ƙasa. Idonsa ba ya gani da nisa, kuma ba a bin akuya da babbar riga mai sitaci. Ya tsaya a bakin gona ya ɗaga murya yadda har bayan katanga aka ji.

"Na ga ƙahon. Wallahi na ga ƙahon. Bari a sauko Juma'a, da mai unguwa zan dawo."

Kulu na tankaɗe ta ji. Kafin ta miƙe, ga 'Yar Jami'a ta shigo da kanta, ciki ya yi tim, ganyen wake na reto a baki. Kulu ta cire ganyen ta jefa a tukunyar miya, don ba a yar da abu. Ta ɗaure ta da ɗankwalinta, ta zauna a kan turmi. Ta ga Laraba, ta ga mahauci yana latsa bayan jinin akuyar uwarta. Sai kuma maganar Alhaji ta dawo mata. Bai ce ya ga akuya ba. Ƙaho ya ce ya gani.

Ta shiga ɗaki ta jawo kwallar da take tara jan farce, tarin shekaru. Duk mai ja, duk mai fari, duk mai ƙyalli ta juye a gwangwanin tumatir, ta tsiyaya kalanzir, ta dama da tsinke. Ta yafa mayafi ta fita. Titi ba namiji ko ɗaya, kowa ya tafi masallaci.

Gida na farko, da ta nufi ƙahon akuyarsu da gwangwanin, amaryar gidan ta zaro ido. "Inna Kulu, in maigidan ya tambaya in ce mi?"

"Ki ce yayi ne. Ke ba kya ganin waya? Riƙe mani kanta."

A gidan mai unguwa, uwargidan ba ta ma bari ta gama bayani ba, ta ce a yi wa bunsurun ma, kar ya ji an ware shi. Haka Kulu ta bi layi, tana shiga tana fita, warin jan farce na bin ta. Gidan Alhaji Zubair ta bari a ƙarshe, ta tsaya a soro tana tunanin ko ta wuce. Hajiya Rabi'atu ce ta leƙo.

"Shigo mana, Kar-a-yar. Ni ce ba ni da akuya?"

"Hajiya, waken mijinki ne fa."

"Na sani. Tun da aka shuka shi ban ƙara jin wata hira a gidan nan ba sai tasa. Shafa da kyau."

Kulu ta kankare gindin gwangwanin ta shafe farar akuyar Hajiya. Sai da ta dawo gida ta ji an sallame salla a lasifikar masallaci, sannan ta dubi 'Yar Jami'a. Kwalliyarta tsohuwa ce, ta bushe har ta fara ɓarewa. Gwangwani kuwa ko na ɗigon kwano babu.

Aka sauko. Ga Alhaji a gaba, ga mai unguwa, ga Malam Sa'idu a baya yana tafiya kamar shi za a kai kasuwa. Alhaji ya so a miƙe gidan Kulu, mai unguwa ya ce shi ba ya tsallake gida, daga farkon layi ake fara bincike. A gidan farko akuya ta ɗago kai tana walƙiya. Na biyu haka. Na uku har da ɗan tunkiya da aka ɗiga wa a goshi don ba shi da ƙaho. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mai unguwa ya kama ƙahon wata, ya saki, ya dubi yatsunsa sun yi ruwan hoda, ya sa hannun a aljihu.

"Wannan aikin mutum ɗaya ne, ranka ya daɗe, kuma kowa ya san ta," in ji Alhaji. Ya juya. "Malam Sa'idu, kai ba ka ƙarya. Faɗa mana."

Malam ya dubi takalmansa masu ƙamshi. "Alhaji, sahu ɗaya muka yi da kai. Abin da ka gani shi na gani, wato liman."

A gidan Kulu suka tarar da ita tana tsintar shinkafa kamar ba a duniyar take ba. Ta gaishe su har ƙasa. Mai unguwa ya je ya kama ƙahon 'Yar Jami'a da ɗaya hannun, ya murza, ya duba. Yatsu fes. Ya dubi cikin akuyar, ya dubi guntuwar igiyar gashin doki a turke, ya dubi Kulu. Ita kuwa shinkafa ta zuba a ƙasa ba ta sani ba.

"Ita ce," in ji Alhaji. "Ga ƙahon nan."

"Saura gida ɗaya, Alhaji. Naka."

Ba su daɗe ba aka ji salati daga can. Farar akuyar Hajiya ta ga maigida, ta zo da murna ta goga kanta a babbar riga, tun daga gwiwa har aljihu. Suka dawo ƙofar gidan Kulu, mai unguwa na cije leɓe yana danne dariya.

"Alhaji, shaidarka ƙaho ce. In na yanke hukunci da ƙaho, ranar Laraba taka za ta fara shiga mota, bunsuruna na bin ta. Ka yi haƙuri. Amma shingenka, Kulu ce za ta tayar da shi, ita kaɗai." Ya rage murya ya juya wurinta. "Kulu, duk unguwar nan taki ce kawai ta bushe. Malam zai sayo igiya yau, ta kasuwa, ki kuma bar ta yadda aka saƙa ta."

"Allah ya ja zamaninka," in ji Kulu. "Hannun naka, ka goga kalanzir."

Shingen yana nan har yanzu, duk mai wucewa sai ya tsaya. Gidan sauro ne, da tsofaffin tayoyin babur, da murfin fanka, da ledoji da aka tsaga suna kaɗawa. Alhaji ya ce ya fi kama da bola, amma ko kaza ba ta ƙara shiga ba, kuma wakensa ya yi. Rigar da ta ɓaci, Hajiya ta aika wa Kulu, ta fitar da rigar filo biyu da matatar koko.

'Yar Jami'a ta haifi tagwaye bayan girbi. Suna nan ba alama a kansu, don kwallar jan farce ta koma ta ajiyar daddawa. Kulu dai ta wanke bahonta, kullum tana tambayar 'yan makaranta yaushe za a ba su hutu.