Karan Awon Malam Iro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan labarin ya iske ni a Daudawa, ina tsaye bakin ƙofa da makullin babur a hannu: Malam Iro mai walda na Ƙanƙara ya rasu.



'Yan'uwa da abokan arziki masu bibiyar wannan shafi, manya da ƙanana, malamai da ɗalibai, na kusa da waɗanda nisa ya raba mu, aminci ya tabbata gare ku. Ina gaishe ku da zafin bazara, ina gaishe ku da haƙurin zaman wannan yanki namu. Ku gafarce ni da na kutso cikin wayoyinku ba tare da neman izini ba, a lokacin da kowa ke fama da abin da ya dame shi. Kun saba iske baitoci a nan. Yau ta'aziyya na kawo, tare da wata cigiya wadda ba ta jira, don haka ina roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe.

An ce ya yi sallar Asuba cikin jam'i, ya koma gida, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bango. Shi ke nan. Saƙon bai shigo wayata ba sai da hantsi ya ɗaga, kun san halin sabis ɗinmu. Na hau babur, hanya kuwa kun san ta. Ko da na isa Ƙanƙara, jama'a na dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa.

Ban samu sallarsa ba.

Sanina da shi ya fara ne ranar da salansar babur ɗina ta tsage a kasuwar Ƙanƙara, shekaru da dama da suka wuce. Yana cikin liƙe ta ya ji ina gunguni da wasu baitoci, ya ɗaga gilashinsa ya ce in ɗaga murya, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Malam Mai Baiti.

Mutum ne wanda in jaki ya zo wucewa ta gaban rumfarsa yakan tsayar da walda har ya wuce, don kada hasken ya firgita dabba ta zubar da kayan mai ita.

Lokacin da mahaifiyata ta faɗi ta goce ƙugu, ban roƙe shi komai ba. Sai ga shi a Daudawa da karan dawa a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce zai auna ta ya ƙera mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Hajiya ta dube shi, ta dubi karan, ta ce, "Iro, ban ko mutu ba ka taho da kara?" Domin a wurinmu gawa ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙar kabari.

Ya ce, "Hajiya, wannan na tashi ne, ba na kwanciya ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Da ƙarfen nan take zuwa alwala har gobe.

Haka yake aikinsa. Bai yarda da tef ɗin awo ba, wai lambobinsa sun cika ƙanƙanta, kuma takarda ba ta daɗewa a wurin da tartsatsi ke tashi. Kara yake samu, miƙaƙƙe, busasshe, ya aza shi jikin ƙarfe, ya tsaga masa alama da wuƙa. Kowane aiki da karansa. In ka ɗaga kai cikin rumfarsa, za ka gan su jere a soke cikin rufi, shi kaɗai ya san wanne ne na wane.

To, ga maganar da ta hana ni zama.

Akwai wani dattijo a wata unguwa bayan Tafoki, Baba Nomau, Bamaguje ne na asali, yanzu yana zuwa coci. Manomin shinkafa ne a fadama. Tun da aka kore masa shanun huɗa bai sake ajiye ko maraƙi ba, ya koma ga ƙaramin tantan na hannu, irin wanda ake bin sa a baya ana riƙe da ƙahonni biyu. Shi ne shanunsa, shi ne jakinsa. Sai dai duk damina in ruwa ya zauna, injin yakan nutse cikin taɓo har wuya, sai an tara ƙarti da gungumen itace an ciro shi.

Bayan girbin bara ya ɗoro shi bisa a-kori-kura ya kawo wa Malam Iro, ya ce a ƙara masa ƙarfi. Malam Iro ya zagaya injin sau biyu ya ce, "Baba, ba ƙarfi ya rasa ba, tafin ƙafa ya rasa." Ya ce in Baba ya yarda, zai cire tayoyin ya yi masa sarƙa irin ta katafila, ya riƙa tafiya bisa taɓo kamar bisa tabarma. Amma ya gaya masa gaskiya: sai an yanka ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, kuma in an yanka ba ya komawa yadda yake.

Baba Nomau ya dubi injinsa, sannan ya ce a yanka.

Na ga wannan aiki tun daga farkonsa, domin ranar kasuwa ba ta wuce ni. Na ga Malam Iro ya samo tsofaffin tayoyin gingimari guda biyu, ya yanke gefunansu da wuƙa da ruwan sabulu, ya bar tsakiyar kamar wata babbar ɗamara. Na ga ya jera gutsattsarin ƙarfe a jikinsu yana ɗaurewa da noti ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya lanƙwasa rodi ya yi ƙafa mai haƙora wadda za ta riƙa jan sarƙar. Ya sa kujerar wata tsohuwar makaranta a sama, da sanda biyu a gaba: ka ja ta hagu birki ya kama hagu injin ya juya hagu, ka ja ta dama ya juya dama. Sitiyari babu.

Baba Nomau kan zo duba aiki, ya tsaya da hannu a baya yana kallon injinsa a warwatse. Sunan da ya raɗa wa Malam Iro shi ne Ɓarnau. Shi kuwa yakan ce wa Baba ya je ya sayo hular direba tun kafin ta yi tsada.

Ranar gwajin farko rabin layin masu walda sun rufe rumfuna sun biyo mu bakin kududdufi. Injin ya tashi, ya taka taɓo, ya miƙe yana tafiya da wata irin ƙasaita. Da Malam Iro ya ja sandar hagu zai karya kwana, sarƙar ta yi tsalle ta fice, ta gangara ita kaɗai ta faɗa ruwa. Mutane suka yi ta dariya har da masu zama ƙasa. Daga ranar aka sa wa injin suna Kunkurun Iro.

Shi Malam Iro ya fi kowa dariya. Ya naɗe wando ya shiga ruwa ya jawo abarsa.

Gwaji na biyu ma haka. Na uku ma haka. In dai tafiya miƙe ce lafiya lau, da an juya sai sarƙa ta zame. Wata da watanni yana matsar da ƙafafu, yana rage tazarar haƙora, yana ƙarawa, yana kwancewa, yana sake ɗaurawa.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Na iske shi fuska a sake, ya kwance tsofaffin sarƙoƙin duka ya zube ƙarafan wuri guda. Ya miƙa hannu cikin rufi ya zaro wani dogon kara, wanda ya fi duk sauran tsawo, jikinsa cike da tsaga. Ya nuna mani: nan tazarar ƙafar gaba da ta baya, nan tazarar haƙori da haƙori, nan inda kowane ƙarfe zai zauna jikin taya. Ya ce wannan karon ya gano inda take cizo, kwana huɗu na aiki suka rage.

Sannan ya ce, tunda kullum ina yawo da littafi da biro, in kwafe masa awon nan a takarda, ko don gaba.

Ni kuwa a lokacin wani baiti ya sauko mani, ina tsoron ya gudu. Na ce ya dakata. Na rubuta, na karanta masa:

Kai mai narka ƙarfe shi bi ka da ladabi,
Taɓon fadama ya ji ka, ya rasa jawabi.

Ya yi murmushi ya ce, "Baitin ya yi, Malam Mai Baiti. Amma taɓo ba ya jin waƙa. Rubuta awon."

Na ce ban zo da tef ba, kasuwa mai zuwa zan taho da shi mu yi a natse. Ya ce Allah ya kai mu. Ya mayar da karan cikin rufi.

Littafin yana gabana yanzu. Baitoci goma sha ɗaya na yabon injin da bai ida ba. Lamba ko ɗaya babu.

Yau a wurin zaman makoki na ga Baba Nomau. Tun daga bayan Tafoki ya zo, ya zauna gefen tabarma, ya yi wa Alhaji Mamman, yayan marigayi, gaisuwa kamar yadda ya kamata. Bai ambaci inji ba. Da ya tashi na bi shi, na iske shi bayan rumfa ya dafa kujerar Kunkuru da hannu ɗaya. Da ya gan ni ya ce, "Malam, ni ba wannan ya kawo ni ba." Na ce na sani, Baba. Can ya ce, "Jiya dai an yi walƙiya ta gabas."

Masu walda na layin sun riga sun gaya mani za su haɗa hannu su ida aikin saboda zumunci, in dai akwai awo. In babu, sai su faro lalube daga inda shi ya faro, damina kuwa ba za ta tsaya jiransu ba. Na ce awo yana nan. Na shiga rumfa na miƙa hannu cikin rufi.

Gajerun suna nan. Dogon babu.

Na koma na tambayi Alhaji Mamman a hankali. Ya dafe kai. Ya ce da safe da aka tashi auna gawa an rasa kara a gidan, bazara ce, duk an ƙone na girki. Wani maƙwabci ya tuna akwai kara a rumfar marigayi, ya ruga ya zaro wanda ya fi tsawo da miƙewa. Aka auna shi da shi, aka datse abin da ya yi saura, aka kai wa masu haƙa. Da aka sa shi a kabari, aka karya karan aka haɗa da itacen rufe kabarin, aka mayar da ƙasa, kamar yadda aka saba.

Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya zaro karan alheri ya yi niyya, kuma da ni ne a tsaye wurin ban san sirrin ba, abin da zan yi ke nan.

Na tsinci guntun da aka datse a bakin zaure. Bai kai kamu ɗaya ba, tsaga biyu ne a jikinsa. Wani tunani ya zo mani game da sauran da ke cikin kabari, wanda bai kamata ya zo wa Musulmi ba. Na yi istigfari.

Na zauna in yi masa marsiyya, alƙalami ya tsaya a nan ya ƙi gaba:

Ka auna ƙarfe da kara, ka ce saura kaɗan,
Aka auna ka da shi, mu kau aka bar mu nan.

Saura hanya ɗaya, ita ce cigiyata.

Ranar nan ta ƙarshe, ba mu biyu ne kaɗai a rumfar ba. Akwai wani bawan Allah daga Sabuwa, shi ma mai walda ne, ya zo sayen ƙarfe ya tsaya kallo. Dogo ne, baƙi, da tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu. Ya nemi izini ya kwafi awon. Malam Iro ya ce, "Ɗauka mana, mutumin Sabuwa. In ka riga ni idawa ka zo ka koya mani." Ya ba shi kara, mutumin ya jera shi da na asali ya tsaga alama ɗaya bayan ɗaya. Da zai tafi ya yanka shi gida uku, ya ɗaure da roba a bayan babur ɗinsa.

Abin da ni mai littafi na kasa yi, shi ya yi. Ban ko tambayi sunansa ba.

Mutanen Sabuwa, mutanen Faskari, direbobi da 'yan acaɓa masu bin wannan hanya, don girman Allah ku tura wannan rubutu cikin guruf-guruf ɗinku. Ku karanta wa wanda ba ya karatu. Masu walda a Sabuwa ba su da yawan da mai tabo a hannun hagu zai ɓace a cikinsu.

Ya Allah, Kai ne Mai rahamar da ba ta da iyaka. Ka gafarta wa bawanka Ibrahim, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya masa shi fiye da yadda ya sanyaya zukatan masu zuwa rumfarsa. Ka sa hasken da ya ci idanunsa a duniya ya zame masa haske mai daɗi a kabari. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsare bayansa, Ka ba wannan yanki namu lafiya, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Duk wanda idonsa ya kai nan, ina roƙonsa ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, wanda kuma ba Musulmi ba ya roƙa masa rahama yadda ya iya.

Kai kuma ɗan'uwana na Sabuwa, in wannan ya iso gare ka, ka rubuto mani yau, a ƙarƙashin rubutun nan ko ta saƙo, kada ka bari sai gobe. Ko an hura wuta da karan, ko awaki sun tattake shi, ka rubuto ka faɗa, ba zan ga laifinka ba. Na yi wa Baba Nomau alkawarin amsa ranar addu'ar uku, domin ya san ko injin zai jira, ko kuwa ya fara bin gida-gida yana roƙon gayya da fartanya tun ruwa bai sauka ba.