Mutumin da Ya Ƙi Cewa "Lafiya Lau"

Kullum da hantsi, in Lohia Gavera ya dawo daga kamun kifi, sai ya shanya komarsa, ya jefa buai, goron ƙasarmu, a baki, ya rataye rediyo a dirkar gidansa da ke bisa ruwa. In ranar wasan kurket ce, kafin ya zauna dandamali ya cika. Kowa a ƙauyen nan ya san wasan, amma Turancin masu sharhin Ostareliya, mai cike da zaurance, sai Lohia. Yakan jera katantanwa a kan katako, kowace a madadin ɗan wasa, yana matsar da su yana fassara.

"Wai an ba ɗan wasanmu Kila agwagwa," in ji shi wata rana. "Wato an fitar da shi bai ci ko ɗaya ba."

"To ya taho mana da ita mu soya mana, ragon banza!" in ji wata tsohuwa.

Doka ɗaya gare shi: abin da ya ji shi zai faɗa, ba ƙari ba ragi. Mun sha zaginsa a kan haka, wallahi har da ni.

Sai ranar da Boio, 'yar Inna Geua tilo, ta buga wasanta na farko a Ostareliya. Mai sharhi ya yi wata magana yana dariya, fuskar Lohia ta canza.

"Sun ce ana yi mata kiɗan haɓa. Fuskarta ake auna da ƙwallo."

Bai rufe baki ba rediyo ya ɗauki ihu, sannan ya yi tsit. Geua ta cafke hannunsa.

"Yaya Lohia, me ya sami 'yata?"

Wani ya raɗa masa, "Ka ce lafiya lau mana! Matar nan hawan jini gare ta."

Lohia ya kwantar da katantanwar Boio a kan katako. "Ƙwallo ta same ta ƙasan hular kwano. Ta faɗi. Likita ya shiga fili."

"Tana motsi?"

"Ba su faɗa ba, ƙanwata."

"Kai wane irin mutum ne, ba ka da imani?" wata ta daka masa tsawa. Bai ko waiwaya ba. Kunnensa na manne da rediyo, gumi na ɗiga daga haɓarsa, farcen Geua ya nutse a fatarsa. Ruwa na ta dukan dirkoki a ƙarƙashinmu.

Can ya miƙa hannu, ya ta da katantanwar tsaye.

"Ta tashi. Da ƙafarta take tafiya, har tana yi wa likita gardama wai ba za ta fita ba."

Geua ta zube tana kuka tana dariya. "Gardama? To ita ce! Da wani ne ya gaya mini, da ban yarda ba."

A ranar na gane amfanin taurin kanka, Lohia. Kai ne ka hana mu ƙarya mai daɗi shekara da shekaru, shi ya sa da ka ce ta tashi, uwa ta iya numfashi.

Yanzu kunnen Lohia ya yi nauyi, ya sauke rediyon daga dirka. Mun gode, Baba Lohia, kunnen ƙauye. Matasan da ke rububin gadon katantanwar nan, ku sani Turancin ne mai sauƙin koyo. Ku je ya nuna muku tabon farcen Geua a hannunsa.