Kwalin da Malama Muhibbat Ta Ɗauko Daga Siton Goro

Malama Muhibbat haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawa a Ibadan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. In baƙo daga Arewa ya tambaye ta garinsu, sai ta ce Ibadan. In Bayarabe ya kira ta 'yar Kano, sai ta amsa masa da Yarabancin da zai sa ya sake kallonta. Mahaifinta, Abubakar Sadiƙ, ɗaurin huhun goro ya yi a siton Alhaji Maikuɗi har Allah ya karɓi ransa. Mahaifiyarta tana cikin gida tana suyar ƙosai, yara na fita da shi. Ita ma Muhibbat ta yi tallan, sai dai tire a ka, littafi a hammata, shi ya sa kullum ƙosanta ne ke ƙarewa a ƙarshe. Ta sha faɗa a kan haka, bai rage ta da komai ba.

Da ta gama kwalejin horon malamai ta dawo unguwa ta auri Mu'inuddeen, mai sayar da albasa a Kasuwar Shasha. Tun kafin a ɗaura ta gaya masa ita fa malama ce, in zaman ɗaki yake nema ya duba gaba. Ya yi dariya ya ce ya ji. Ta kama aiki a makarantar da Alhaji Maikuɗi ya gina wa 'ya'yan unguwa, boko da safe, Islamiyya da yamma. Aka ba ta aji uku, kuma a nan ta daɗe har ɗalibanta na farko suka fara kawo nasu 'ya'yan. Muryarta kuwa, kai! In tana koyarwa, masu okada, 'yan acaɓar da ke bakin titi, ma sai sun koyi wani abu.

Abu ɗaya ne ke ci mata rai duk tsawon shekarun nan. Yaran Sabo harshe uku ne a bakinsu, Hausa a gida, Yarabanci a titi, Turancin kasuwa a wajen wasa. Amma ka buɗe littafi a gabansu, sai ka ga idanu sun yi zuru-zuru. Littattafan ma ba su isa ba, yaro biyar a kan ɗaya, wanda ke gefe a juye yake ganin rubutun.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kira malaman ƙananan makarantu bita a wani zaure kusa da Bodija. Hedimasta, Malam Isiyaku, mutumin kirki ne amma ko wayarsa 'yarsa ce ke latsa masa. Ya ce bayansa na ciwo, Muhibbat ta je. A can ta ga kwamfutocin hannu, faɗinsu kamar ƙaramin allo, cike da darussan karatu da lissafi, kuma ba sa buƙatar data. Abin da ya tafi da hankalinta shi ne malami zai iya ɗaukar muryarsa ya zuba nasa darasin a ciki, da kowane harshe ya ga dama. Ta ɗaga hannu ta tambayi shugabar bitar, wata Bayarabiya mai suna Madam Risikat, ko har da Hausa. Matar ta ce har da Hausa. Ranar ko abincin bitar Muhibbat ba ta iya ci ba don murna.

Sharaɗin ƙungiyar a fili yake. Kowace makaranta za a kai mata kwali guda na na'urorin, da abin caji mai aiki da hasken rana. Ƙarshen zango za a zo a duba. Makarantar da ta yi amfani da su, sun zama nata. Wadda ta bar su a ajiye, a kwashe a kai wa wata.

To, ga inda aka samu matsala. Motar ƙungiyar ta zo ranar Asabar, makaranta a rufe, direba ya tambaya aka nuna masa gidan mai makaranta. Ya sauke kwalin a gaban Alhaji Maikuɗi, ya ce masu kayan za su dawo ƙarshen zango su duba.

Sai an san Alhaji kafin a yi masa hukunci. Shi maigida ne irin na dā, wanda fatake daga Arewa ke sauka a gidansa. Mutum ya bar masa huhun goro ko buhunan hatsi, ya tafi watanni, ya dawo ya tarar da kayansa yadda ya bar su, ko igiyar ba a kwance ba. Sunansa kaf a Sabo a kan wannan ya tsaya, kuma a wajensa duk kayan da mai su ya ce zai dawo ya duba, ajiya ce. Don haka ya sa aka shigar da kwalin cikin sito, aka ɗora a kan katako saboda danshi, aka lulluɓe da buhu.

Ranar Litinin Muhibbat ta je zaurensa, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba tun tana yarinya.

"Baba Alhaji, kayan yara na zo ɗauka."

"Muhibbatu, mai kayan ya ce zai dawo ko bai ce ba?"

"Ya ce, Baba."

"To ajiya ce."

"Baba, ai don yara su taɓa aka kawo."

"Waɗanne yaran? Waɗannan masu cinye murfin biro? Haba 'yar nan."

Ba ta yi fushi ba tukuna. Ta kira Madam Risikat, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Matar ta rantse ta maimaita cewa a buɗe a bai wa yara, in ma wani ya fashe ba komai. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya yi mata godiya da Yarabancinsa na tsofaffin 'yan kasuwa. Da aka kashe wayar ya ce, "Haka duk mai kaya ke faɗa a waya. Ranar da ya zo ya ga ɓarna, sai maganar ta canza. Ni na ga irin wannan tun kafin a haife ki."

Ta bi ta wajen Malam Isiyaku, ya ce shi ba zai iya haɗa ido da Alhaji ba. Ta bi ta wajen mijinta, ya ce ta bi a hankali, tsoho ne. Ta bi a hankali har aka ci rabin zango. Duk tsawon lokacin tana ɗaukar darussa a wayarta, tana tarawa, babu inda za ta zuba su. Sauran malaman bita kuma kullum sai sun turo hotuna a zauren WhatsApp ɗinsu, ga yaransu sun duƙufa a kan na'ura suna dariya. Duk hoton da ta buɗe sai ta ji kamar an mare ta. Nata yaran na nan suna rabon littafi ɗaya, kayansu kuma na can suna shaƙar ƙamshin goro.

Wata safiya motar goro ta iso, aka buɗe sito, dillalai da baƙi suka cika bencina. Muhibbat ta taho da shirin makaranta, ta yi sallama, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta wuce kai tsaye cikin sito, ta yaye buhun, ta naɗe ɗankwalin da ta zo da shi ta yi gammo, ta ɗora kwalin a ka.

Alhaji ya ce, "Muhibbatu, ajiye."

"Ka yi haƙuri Baba, ba zan ajiye ba."

Ga ƙarti nan sun fi goma, amma wa zai sa hannu ya tare matar aure? Kowa ya kalli ɗan'uwansa, ba wanda ya motsa.

Alhaji bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "In kika ƙetare ƙofar nan da shi, ƙarshen zangon nan shi ne ƙarshenki a makarantata."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta, don ta san mutumin nan bai taɓa faɗar magana ya janye ba. Ta ce, "Na ji, Baba." Ta ƙetare.

Haka ta ratsa Sabo da kwali a ka kamar mai talla, mata na leƙe ta bakin ƙofa, mai keke na tambaya ko ya ɗauke ta, ta ce a'a. Kafin azahar labari ya kai Shasha. Mu'inuddeen ya dawo ko wanka bai yi ba ya ce, "Kin san wanda kika taɓa kuwa? Mutumin da ya riƙe mahaifinki!" Ta ce ta sani, kuma shi ya sa ta roƙe shi rabin zango kafin ta ɗauka. Sai ya tambaya ko abin cajin yana buƙatar a kafa shi a rufi. Washegari shi ya hau tsani ya kafa.

Ranar farko da yara suka latsa suka ji muryar malamarsu ta fito daga na'ura, ajin ya kaure da ihu, wai Malama ta shiga ciki. Ba ta kawo musu tuffa da jirgin ƙasa ba. Abin da suke gani kullum ta zuba, albasa, doya, goro, keke, ta faɗa da Hausa, harafi ya haska, sannan ta faɗa da Turanci. Yaron da bai gane ba ya sake latsawa, na'ura ba ta gajiya kuma ba ta tsawa. Wata yarinya, Jannat, da ta shekara a bencin baya ba a jin muryarta, ta karanta layi guda cur ita kaɗai, sannan ta rufe bakinta da hannu don ita ma abin ya ba ta tsoro. Gilasan na'urorin suka yi dama-dama da manja da yatsun alewa. Ɗaya ya faɗo daga benci, gefensa ya tsage.

Muhibbat ta san kwanakinta ƙidayayyu ne, don haka ta matsa wa Malam Isiyaku lamba ya koyi aiki da na'urorin. Kullum in an tashi sai ta zaunar da shi, ta kama na'ura ta ajiye a gabansa. Shi kuma ya yi ta cewa zai ɓata. Ta ce, "Malam, ɓata mana! Ai ba kai za ka fara ba."

Dattawan unguwa suka shiga tsakani. Suka ce ta mayar da kwalin sito, ta je ta ba Alhaji haƙuri, su kuma za su roƙe shi ya bar ta a aikinta. Ta je, ta durƙusa a gabansu duka. Ta ce ta ba da haƙuri a kan kunyar da ta ba shi gaban baƙinsa, wannan kam ta yi laifi, kuma yana damunta. Amma kwali ba zai koma ba. Wani dattijo ya ce wannan ai rabin haƙuri ne. Ta ce shi take da shi.

Ƙarshen zango Madam Risikat ta zo. Alhaji da kansa ya taho makaranta cikin babbar riga, kuma kafin kowa ya buɗe baki ya ce a yafe masa, an bar kaya a hannunsa sun lalace, zai biya. Matar ta duba na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ta ga yawan darussan da aka yi, ta sa yara suka karanta mata. Ta ce babu abin biya, kaya sun zama na makaranta har abada. Yara suka yi tafi, Malam Isiyaku ya sauke ajiyar zuciya, kowa ya ɗauka magana ta mutu.

Alhaji ya ce, "Madalla. Yanzu na makaranta ne, a yi ta amfani da su, Allah ya sa albarka. Amma ranar da ta ɗauka, ajiya ne a hannuna. Maganata tana nan."

Madam Risikat ta buɗe baki za ta roƙa, Muhibbat ta dafa hannunta ta ce mata da Yarabanci ta bari, wannan maganar gida ce.

Ranar ƙarshe ba ta koyar ba. Ta tsaya a bayan aji ta sa Malam Isiyaku ya raba na'urorin ya buɗe darasi da hannunsa, ya yi kuskure, yara suka gyara masa, ya sake. Da aka tashi ta tattara 'yan kayanta a jaka. Ba ta da wani aikin da ke jiranta, kuma ba ta san me za ta yi da safiyar Litinin ba. Duk da haka ba ta wuce gida ba sai da ta biya ta zauren Alhaji ta yi masa sallama.

Ya amsa gaisuwarta, sannan ya ce, "Muhibbatu, tsakaninki da Allah, da za a sake, za ki ɗauka?"

"Wallahi Baba, da tun ranar da aka kawo zan ɗauka. Abin da nake nadama ɗaya ne, rabin zangon da na cinye wa yaran nan ina roƙonka."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Tashi ki je."

Ta tashi ta sa takalminta, ta gaida dillalan da ke benci da murya garau kamar ba abin da ya faru. Tana ƙaunar makarantar nan fiye da ɗakinta, kuma ta rasa ta. Sai da ta sha kwanar masallaci, inda ba mai ganinta daga zauren, sannan ta bar hawayen suka zubo. Tana tafe tana sharewa da gefen mayafi, amma ba ta rage sauri ba, ba ta kuma waiwaya ba.