Aron Kuka

Kakata Tumba ba mace ce mai daɗin zama ba, kuma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. A Dauran, lokacin ɗari, in an idar da sallar isha'i sai ta sa a hura wutar kara a tsakar gida, ta dire mana ƙwaryar gyaɗa a gaba. Wanda bai ɓara ba, ba ya jin tatsuniya. Wanda ya yi gyangyaɗi kuwa da kara take tashinsa. Ni na fi kowa shan karan nan, don na cika tambaya. Takan ce bakina ya riga haƙorana fitowa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta tofa tuƙar goro cikin wuta ta ce, "Ga ta nan tahe, wanda bai iya riƙon ta shi tashi." Mu ce mun riƙe.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta tunkiya da kura. Wai tunkiya ta rasa ɗanta, ta tsaya bakin garke tana kuka, har matan gari suka riƙa kawo mata dusa da harawa don tausayi. Kura tana leƙe ta bayan danga. Ta zo da gorarta ta yi ta'aziyya, ta ce kuka mai kyau irin wannan bai kamata ya ƙare a garke ɗaya ba, a ara mata shi ta kai duniya ta ji. Tunkiya ta buɗe baki, kura ta tara gora ta toshe. Daga nan sai yawon kasuwanni. In ta buɗe gorar, mutane su share hawaye su cika mata buhu. Ranar da aka zo kama ɗan tunkiya na biyu, ta wage baki don ta kira jama'a, iska kawai ta fito.

Na tambayi Tumba me ya hana tunkiyar zuwa ta karɓo abinta. Ta zuba mini kara a ƙauri.

"Ke, ina za ta gane shi, bayan an buɗe shi kasuwa goma? Ɓara gyaɗarki."

Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Daga yaƙi da jahilci na lallaɓa har na kai ga kwas ɗin aikin jarida a Kaura Namoda, cikin yaran da na haifi kamarsu. Suna ce mini Mama, amma irin Maman da ake so ta matsa gefe. Malami ya raba mu rukuni-rukuni, kowanne ya yi gajeren fim, kuma makin darasin duka a kansa yake. Aka ba ni makirufo da na'urar ɗaukar murya, wai shi ne aikin da ba ya son tunani. Wani Nazifi, mai baƙin gilashi ko a cikin aji, ya naɗa kansa darakta.

Ya ce za mu yi fim kan matan da tashin hankali ya koro daga ƙauyukan Zurmi. Na ce ina da Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ita ma daga can aka koro ta, tana tuyar ƙuli-ƙuli a gidan haya. Ɗanta na fari ya ɗauki fasinja a babur zuwa Shinkafi, gawarsa aka dawo da ita. Tun a aji na ja musu kunne. A tambaye ta sana'a, a tambaye ta gudun hijira, amma kada a taɓo ɗan fari, don a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma kuka dominsa a gaban mutane. Nazifi ya yi dariya ya ce wannan zancen da ne, shi uwarsa da suna take kiran yayansa har a waya.

Ranar ɗauka muka tarar Gwaggo ta ci ado. Ta ji za a zo da kamara, ta fito da atamfarta ta salla, ta zizara kwalli. Nazifi ya dube ta ya ce atamfar ta yi sabunta da yawa, ko tana da tsohon zane? Ta shiga ɗaki ta sauya. Na haɗiye wannan.

Aka fara. Ta yi bayanin gyaɗar bana da ba ta da mai, da yadda suka baro rumbu cike da gero. Nazifi yana ta duban agogo. Can sai ya durƙusa gabanta ya sassauta murya, ya ce ta faɗi sunan ɗanta da aka kashe. Gwaggo ta dubi kasko.

"Yaron nan? Allah shi gafarta mai."

Ya sake tambaya. Ta juya ƙuli. Sai na ga ya zaro kwalbar man zafi daga aljihu ya miƙa wa yarinyar da ke riƙe da kamara, wai ta ɗan shafa wa tsohuwar a ƙarƙashin ido.

Na fizge wayar makirufo.

"Nazifi, in hawaye kake so, shafa a naka idon. Ni zan riƙe maka makirufo har magariba."

"Mama, ke fa ba ki san fim ba. In babu kuka, wa zai kalla?"

Na faɗa masa abin da ba zan maimaita a takarda ba. Ya ce zai cire sunana daga rukuni, na ce ya cire har da na kakata. Gwaggo ce ta raba mu, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ce in mun ƙare mu kauce, manta yana ƙuna.

Suka kwashe kamararsu suka tafi. Na'urar murya ta zauna a hannuna, ni kuma na zauna ina taya Gwaggo mulmula ƙuli. Da aka kira la'asar ta ɗauki buta ta zagaya bayan zana. Ta daɗe. Sai na jiyo ta, can ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan. Ta kira, ta sake kira, irin kiran da ɗan nata bai taɓa ji daga bakinta ba yana da rai.

Na'urar tana kan cinyata. Danna maɓalli ɗaya ne. Da na kai musu wannan muryar, da Nazifi da kansa zai mayar da sunana, kuma na san ba fim ɗin da zai kamo namu a ajin. Na cire batir na jefa a jaka, na ci gaba da mulmula.

Sun samo wata matar, ta yi musu kuka, sun ci maki. Ni na maimaita darasin, da furfurata, cikin wasu sababbin yara.

Ina yarinya tunkiya nake jin haushi, ina ganin wautarta. Sai da na tsufa na lura kura ba ta yi ƙwace ba. Sallama ta yi, ta yi ta'aziyya, ta kawo dalili mai daɗin ji, wai don duniya ta sani. Shi ne dalilin da ake koya mana a aji, kuma wani lokaci gaskiya ne. Amma akwai kukan da mai shi bai bayar ba.

Sunan yaron na san shi, na kuma ji yadda uwarsa ke kiransa. A nan ma ba zan rubuta shi ba.