Wane ƙarfe, na biyu ko na uku?

Har gobe ina tuna safiyar da sufeto ya zo daga Damagaram ya zauna a bayan ajina. A kwalejin Magariya ne, cikin shekarun saba'in, ina sabon mushe, wato malamin boko, mai koyar da kimiyya. A lokacin sai sufeto ya kalli darasinka ya yarda kafin a tabbatar da kai a aiki. In bai yarda ba, ka tattara kayanka.

Darasin da ya hana ni sakat shi ne rubuta alamomin gishirin ƙarfe. Sodiyom caji ɗaya gare shi kullum, don haka NaCl ba ya ba kowa wahala. Ƙarfe kuwa wani lokaci caji biyu yake ɗauka, wani lokaci uku. In na biyu ne ya haɗu da kulor sai a rubuta FeCl₂, in na uku ne FeCl₃, don cajin ya daidaita. Yarana gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo. Sun haddace FeCl₂ sun riƙe gam, duk inda suka ji ƙarfe shi suke dangwarawa.

Darakta ya kira ni ya ce, "Mushe Issufu, ka maimaita darasin sodiyom, su rera masa ya tafi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a jarrabawar egizama ba sodiyom kaɗai za su tarar ba." Ya ce to, wuyana ne. Ni kuwa taurin kai gadonmu ne.

Ba mu da ɗakin gwaji. Na roƙi ƙwayoyin ƙarin jini, masu ƙarfe na biyu a ciki, a gidan likita, na jiƙa su a kwalba, na zuba ruwan kanwa a gaban aji. Abu ya yi kore-kore. Muka yi ta girgizawa iska na shiga, har ya koma launin tsatsa. Na ce, "Ƙarfe ɗaya ne, na biyu ya zama na uku. Wanda bai gaya muku lamba ba bai gama tambaya ba, ko ni ne."

Sufeto ya bari na gama. Sannan ya nuna Rabi, wata 'yar garin Dogo-Dogo da ko gaisuwa ba ta yi sai kanta a ƙasa, ya ce ta rubuta kulorur na ƙarfe, wato haɗin ƙarfe da kulor, bai faɗi lamba ba. Ta ɗauki alli ta tsaya cak. Na san tarbiyyar gidajenmu: yaro ba ya mayar wa babba tambaya. Darakta ya hau share gumi. Na ƙudurta ko za a kore ni ba zan sa mata baki ba.

Can ta juyo, ta ce wa sufeto da faransanci, "Mushe, wanne? Na biyu ko na uku?"

Sufeto ya ajiye biro ya ce, "Na uku." Ta rubuta FeCl₃.

An tabbatar da ni, kuma na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ku sababbin malamai, abin da na koya ran nan shi ne yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, izinin tambaya suke jira. Ku ba su, ko da ku za su fara titsiyewa.