Asubar da Alhaji Sule Ya Hau Balan-balan

Na yi shekaru ina aikin tafinta a asibitocin Birmingham ina ɗaukar cewa rage wa magana kaifi yana cikin aikina. Ƙa'ida a bayyane take: abin da likita ya faɗa shi za ka faɗa, ba ragi ba ƙari, shi ya sa ma ba a barin dangi su yi wa nasu fassara. Na san da haka, na kuma sa hannu. Amma a raina ina cewa waɗanda suka rubuta ta ba su san mu ba, domin mu ba ma duban dattijo mu ce masa ciwonsa ba shi da magani. Ranar da wannan tunani ya rushe ba ta taɓa fita daga raina ba.

An tura ni asibitin ido in yi wa wani Alhaji Sule tafinta, manomi ne daga Funtuwa. 'Yarsa Rukayya, mai karatun digiri na uku, ita ta kawo shi daga gida don a duba shi. Kafin mu shiga ta ja ni gefe ta ce, "Malam Nuhu, don Allah in result ɗin bai yi kyau ba, kada ka faɗa masa. Zan lallaɓa shi a gida." Na ce to.

Likitar ta yi bayani dalla-dalla. Hawan jinin ido ya riga ya kashe na hagu, na dama kuma saura kaɗan. Magani zai jinkirta, amma ba zai hana ba, wataƙila watanni suka rage. Na juya na ce, "Baba, ta ce a ci gaba da ɗiga magani, da sauƙi in sha Allahu."

Da muka fito, Rukayya ta tafi karɓo maganin, aka bar ni da Alhaji. Ya kama hannun rigata.

"Ɗana, matar nan ta yi magana har da zane a takarda, kai kuma ka miƙo mini ita a cokali. Ina sauran?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Idon nan nawa ne ko naka? In tafiya zai yi, ai ina da abin da zan yi da ragowarsa."

Na koma na shaida wa likitar cewa na taƙaita maganarta. Ta sake kiran shi, ta maimaita, na fassara kowace kalma. Rukayya ta dawo ta tarar da mu a haka, kuma ba ta amsa sallamata ba da zan tafi.

Bayan mako guda ta kira ni. Ashe Alhaji ya taɓa hango balan-balan, irin mai ƙaton kwando da ake hura wa wuta, yana shawagi a bayan gari, ya ce shi yake so ya hau. Masu abin sun ce dole fasinja ya fahimci umarnin matuƙi, musamman wajen sauka. "Baba ya ce wai kai za ka raka mu," in ji ta, "wai ni na iya ɓoye magana."

Sau biyu ana sokewa saboda iska, ni kuwa kowane mako da ya wuce ina lissafa abin da ya ci daga idonsa. A karo na uku muka yi sallar asuba a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, muka shiga kwandon. Matuƙin ya ce wajen sauka a lanƙwasa gwiwa a riƙe igiya, ya ƙara da barkwanci. Alhaji ya zungure ni. "Har abin dariyar nake so." Na fassara, ya yi dariyar.

Da muka yi sama sai ya riƙa juya kansa gaba ɗaya a hankali, domin ta ɗan tsakiyar ido kawai yake gani. Ya daɗe yana duban gonaki, sannan ya ce, "Ka ga kowa ya kewaye tasa da shuka. Ina za a yi rigimar iyaka a nan? Kuma tumakin nan ba mai kiwonsu?"

Da rana ta ɓullo, kowa ya ɗaga waya don ɗaukar hoto. Shi kuwa ya yi tasbihi, ya juya mata baya, ya ce, "Rukayya, matso nan inda hasken yake. Cire tabaran." Ta cire. Ya tsaya yana kallon fuskarta har matuƙi ya ce a shirya sauka, na kuma jira sai da ya maimaita kafin na fassara.

Da na bi son raina a asibiti, da waɗannan makonni sun ƙare masa a zaune a gidan Rukayya yana jiran sauƙi. Har yanzu ina tambayar kaina mutum nawa na yi wa haka kafin shi.

Da damina ta zagayo Rukayya ta aiko mini da saƙo cewa idon ya rufe. Tun daga lokacin, a bakin ƙofa nake gaya wa dangi cewa duk abin da likita ya faɗa zan faɗa. Wasu sukan nemi a canza musu tafinta, akan kuma canza.