Ranar da Aka Hana Mu Buɗe Bandeji

Ko bayan na ajiye aikin nan, ba na jin zan manta da ranar da aka hana mu buɗe wa tsofaffi bandeji sai mai gayya ya iso. Ku da kuka shigo ɓangaren ido kwanan nan ya kamata ku ji labarin daga bakina, tun da a gabana aka yi.

Lokacin ina nas mai kula da ido a wani asibitin gwamnati a yankinmu na Kankara, Faskari da Sabuwa. Ba mu da likitan ido na dindindin. Nawa shi ne in duba, in ba da magani, abin da ya fi ƙarfina in tura birni. Bayan girbi, a shekarar da ake shirin zaɓe, wani Alhaji mai neman kujera ya ɗauki nauyin yi wa mutane aikin yanar ido kyauta. Ya ɗauko likitoci daga nesa na 'yan kwanaki, za su yi a wurinmu su wuce ƙaramar hukuma ta gaba.

Ga wanda bai sani ba, yana ita ce idan ɗan abin nan mai kama da gilashi da ke cikin ido ya dushe ya yi fari. Likita ya cire shi, ya sa na roba a gurbinsa. Aikin ba ya ɗaukar lokaci. Amma ƙa'ida ita ce a buɗe idon washegari da safe likita ya gani, a sake dubawa bayan mako, sannan bayan wata da ɗan wani abu. Yawancin matsalar da ke tasowa, in an kama ta a ranar farko, tana gyaruwa.

Ni aka tura ƙauyuka in tantance masu yana. Na je Ketare, na zauna kasuwar Yankara ranar cinta, daga nan na wuce Damari. A can na haɗu da Gwaggo Asabe. Tsohuwa ce mai yin daddawa, kuma da ita take ciyar da gidan, don ɗanta tun da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona bai dawo ba. Tana zaune da matar ɗan, Hinde, da 'ya'yansu. Idonta na hagu ya riga ya mutu, wani mai yawo da allura ya taɓa soka mata shi da sunan kwantar da yana. Na dama ne ya rage, shi ma yanar ta rufe shi, amma tana ganin haske, tana gane inuwar mutum, tana bin bango ta fita tsakar gida ta yi aikinta.

Da fari ta ƙi. Ta ce ɗan abin da ya rage mata ya ishe ta lallaɓawa. Na zauna na yi mata bayani cewa wannan aikin asibiti ne, ba irin na mai allura ba, kuma idonta irin wanda ake samun nasara a kansa ne. Gaskiya na faɗa mata, haka gwaji ya nuna. Sai ta ce:

"To likita, na ba ka wanga ido amana. Ba ni da wani."

Mutanen ƙauye kowa a asibiti likita suke ce masa. Da ta yarda, sauran tsofaffin unguwarsu suka biyo ta, don ana jin maganarta.

Ranar aikin mutane sun fi yadda aka shirya yawa, don yaran Alhaji sun ƙaro nasu daga wasu garuruwa. Na shaida wa shugaban asibitinmu, wanda muke ce wa Oga, cewa akwai mai ido ɗaya, a sa ta a farko tun likita bai gaji ba. Ya ce kwamitin Alhaji ne ke tsara layi. Sai gab da magariba aka shiga da ita. Likitan mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba, tun safe yake tsaye. Da ya fito ya ja ni gefe ya ce an ɗan samu tangarɗa, fatar da ke bayan gilashin ta yage, abin da kan faru ko a hannun gwani. Ya ce ya gyara iya yadda zai iya, amma lalle ya gan ta da safe kafin kowa.

Da safe na zo na tarar babu likita ko ɗaya. An kwashe su tun asuba zuwa gari na gaba, saboda jami'an tsaron da ke raka su sun ce a lokacin kawai za su bi hanyar. Sannan ga umarni daga sakataren kwamiti: kada a taɓa bandejin kowa. Alhaji zai zo da masu ɗaukar hoto, a gabansa za a buɗe, a ɗauki tsofaffi suna ganin duniya suna yi masa addu'a.

Aka jera su a kan benci a ƙarƙashin rumfa. Hantsi ya yi, rana ta take, babu Alhaji. Hinde ta same ni ta ce Gwaggo ba ta runtsa ba, kanta kamar zai tsage, har ta yi amai. Na je wurin Oga na faɗa masa. Ya ce in yi haƙuri, yanzun nan za su iso, kada in jawo masa magana. Ban ƙara tambayar kowa ba, na kama hannun Gwaggo na kai ta ɗakin duba marasa lafiya na buɗe. Idon ya yi ja, ya yi tauri kamar dutse, gabansa ya yi hazo. Ruwan cikin ido ne ya taru ya matse shi. Na ba ta ƙwayar da ke rage matsin da maganin ɗigawa, abin da nake da shi ke nan. Amma wannan ido likita yake nema a ranar, ba nas ba.

Na koma na nemi mota a kai ta birni. Motar asibiti ta tafi tarbar Alhaji. Sakataren kwamiti ya ce su aiki aka ce su biya, kuma an yi, abin da ya biyo baya na asibiti ne. Da ya leƙa ya ga idon, sai ya sa aka zaunar da ita a bayan ɗakin magani, ya ce kada ta fito sai baƙi sun tafi.

Bayan azahar suka iso. Aka buɗe wa sauran, kuma alhamdu lillahi da yawa sun gani, har wani tsoho ya fashe da kuka. Aka yi hotuna, aka raba atamfa da shinkafa. Ina tsaye ina jin tafi, ina kuma jin nishin Gwaggo ta taga. Na yi ƙoƙarin kutsawa in yi wa Alhaji magana da kaina, yaransa suka tare ni. Kafin la'asar aka loda kowa a mota, don hanyar Damari ba ta biyuwa da yamma. Na roƙi Hinde su kwana a asibiti in nemi mota da safe. Ta ce ta bar yara su kaɗai a gida, kuma Gwaggo ta rantse ba za ta ƙara kwana nan ba. Na rubuta masu takardar zuwa birni, na nanata mata cewa gobe-goben nan ne.

Kwana biyu bayan nan aka kai hari a wajen Damari, hanya ta rufe. Zagayen duba marasa lafiya na bayan mako kuwa, da na tambaya, Oga ya ce ba a sa shi a cikin tsarin ba tun farko. Sai da hanya ta lafa na hau babur ɗina na je. Na tarar ba su samu zuwa birni ba, Gwaggo tana zaune a ɗaki, tukunyar daddawa a kife a tsakar gida. Na haska mata tocila a idon, ko motsi bai yi ba. Ta gane muryata, ta amsa gaisuwa da kyau, ta sa aka kawo mani ruwa. Ba ta zage ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Likita, da ina ganin hasken ƙofa. Yanzu sai Hinde ta faɗa mani gari ya waye."

Na yi mata sallama na fito. A hanyar fita mai unguwa ya tare ni, cikin ladabi ya ce in an sake kawo irin wannan aikin kada in wahalar da kaina zuwa wurinsu. Waɗanda suka warke suna nan a garin, amma ba su ake kallo ba, ita ake kallo. Daga baya na ji mai allura ya sake ratsowa, kuma ya samu masu miƙa masa ido.

Bayan wasu watanni aka kira mu taron bita a birni. Masu jawabi suka ce yanzu a duniya an daina tsayawa kan yawan idon da aka yanka, ana tambayar nawa ne suka gani da kyau bayan aikin. Kowa ya gyaɗa kai. Oga ya tashi ya ba da labarin aikinmu, ya nuna hotuna, ya ce an gama lafiya ba tare da matsala ko ɗaya ba. Na ɗaga hannu na ce akwai wata tsohuwa a Damari. Shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure, a tafi cin abinci. Da muka dawo gida aka mayar da ni ɗakin wanke ciwo, na daɗe a can kafin a dawo da ni ɓangaren ido.

Abin da na koya shi ne, aikin yana ba a ɗakin tiyata yake ƙarewa ba. Wanda ya ɗauko likita bai tanadi mai duba idon washegari ba, bai tanadi motar da za ta ɗauki wanda abin ya ɓaci masa ba, to rabin aiki ya biya, sauran rabin kuma talaka ne zai biya da idonsa. Na kuma gane cewa a sana'armu masu tsara abu daga sama ba sa komawa ƙauye. Ku ne za ku koma, fuskarku aka sani, ku aka yarda da ku. Don haka duk ranar da aka turo ku ku tara tsofaffi, ku tambaya tun kafin ku hau babur: wa zai buɗe idon da safe, kuma in ya ɓaci ina za a kai shi? In ba a ba ku amsa ba, kada ku yi wa tsohuwar kowa alkawari.